Hotunana suna fita tas amma ba su da rai: fitila zan saya?

"Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan da na sayi kyamara ta hannu, ina ɗaukar 'yan gidanmu da abokai a nan Gwammaja. Hotunan suna fita tas, babu dishi-dishi, amma ba su da rai ko kaɗan, sai ka ce na katin shaida. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne na kakata. Na fito da ita tsakar gida bayan azahar don haske ya wadata, sai idanunta suka koma kamar ramuka biyu, farin mayafinta kuma ya ƙone fat. Da dare in na kunna filashi, fuska sai maiƙo. Wani abokina ya ce sai na sayi fitilun sutudiyo. Gaskiya ne, ko kyamarar ce ba ta da kyau?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka gaishe min da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka mata da haƙurin zama a ranar azahar ta Kano saboda jikanta. Ni da ka kira ni a wannan lokacin da ba zan fito ba.

In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya. Me ya sa hoto zai fita fes amma mai kallo ya wuce shi ko a jikinsa, sannan ko kuɗi ne maganin abin. Ta biyun ta fi sauƙin amsawa: mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Kyamarar da ta iya fito da hoto tas ta gama nata aikin. Abin da ya rage naka ne, kuma yawancinsa rage haske ne, don mu a garin nan haske ya yi mana yawa. Abin da kake kira rai a hoto, inuwa ce ke kawo shi. Ita ke nuna tudun kunci, da zurfin ido, da karan hanci. Fuskar da haske ya mamaye ta ko'ina daidai wa daida ta zama shafaffiya, shi ya sa hoton katin shaida yake yadda yake: da gangan ake kashe masa inuwa don jami'i ya gane mai shi.

Abin da ranar azahar ta yi wa Hajiya

Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Ma'anar wannan a wajen mai hoto ita ce rana tana hawa can ƙololuwa kusan duk shekara, har ma sau biyu, wajen 21 ga Afrilu da kuma wajen 21 ga Agusta, takan tsaya cak a saman kai, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 hasken daga sama yake zubowa. Ƙashin gira sai ya zama rumfa ya rufe ido, hanci ya jefa inuwa a kan leɓe, haɓa ta duhunta wuya. Ƙara da ɗankwali ko hula ko rawani, ga kuma mutum yana runtse ido saboda zafin hasken. Ka fito da ita don ka samu haske, garin neman gira ka rasa ido.

Mayafin kuma labarinsa daban. Idon ɗan Adam yana iya ganin farin yadi a rana da baƙar fuska a inuwa lokaci guda, kyamara ba ta kai nan ba. Ma'aunin haskenta an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, wato toka-toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In fari ya cika hoton sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta ƙara duhu. In ka ƙara don fuska ta fito, mayafi ya ƙone. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ango da farar shadda a rana ya san wannan tsaka mai wuyar. Ba a gyara ta da maɓalli, tashi ake yi a canza wuri.

Akwai kuma abin da littattafan koyon hoto ba su cika faɗa ba, saboda yawancinsu da farar fata a rai aka rubuta su. Shekaru masu yawa katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a kai. Fatarmu ba ta aiki kamar tasu. Farar fata tana watsa hasken da ya sauka a kanta, tamu kuwa da sheƙi take nuna siffarta, kamar takalmin fata da ya sha mai. Abin da ke haska ta, shi take nuna maka. In fitilar ƙarama ce mai ƙarfi, za ka ga ɗigon haske mai zafi a goshi da kan hanci, sauran fuska duhu, wannan shi ne maiƙon da kake kuka da shi. In abin da ke haskawa faffaɗa ne, sai sheƙin ya bazu a hankali daga goshi zuwa kunci, fata ta yi kyau kamar an shafe ta da man kaɗe. Filashin da ke kan kyamararka bai fi akwatin ashana girma ba, ga shi kuma daf da idon kyamara, wato gilashin gabanta, don haka laifi biyu yake yi a tare: ya kawo maiƙo, ya kashe inuwa.

Kar girman rana ya ruɗe ka. Saboda nisanta, a wajen fuska ƙaramar fitila ce, babban yatsanka ma yana rufe ta. Sai gajimare ko hazo ya shiga tsakani sannan sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila ɗaya mai faɗi.

Zaure

Mafi kyawun sutudiyo a birnin nan tun kakanni aka gina mana shi. Zaure ɗaki ne mai duhu wanda haske ke shigo masa ta ƙofa daga gefe, wato daidai abin da masu kuɗi ke sayen akwatin haske, wato fitila mai faffaɗar fuska ta farin yadi, da baƙin labule don su kwaikwaya. In gidanku babu zaure, ƙofar ɗaki ko ta shago ko garejin mota duk suna yi, matuƙar rana ba ta faɗowa kai tsaye a kan mutum.

Ga yadda za ka yi. Kashe ƙwan lantarkin ciki. Sa mata kujera taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, ta ciki. Kar ta fuskanci ƙofar sak, kar kuma ta ba ta baya, ƙofar ta kasance a gefenta, ta ɗan karkato fuska wajenta. Kai kuma ka tsaya a jikin bango kusa da ƙofar, yadda ba za ka tare hasken ba. Yanzu ajiye kyamarar, ka kalle ta da idonka. Ce mata ta juyo a hankali. Za ka ga inuwar hanci tana tafiya a kan kunci. Akwai inda inuwar hancin za ta haɗu da ta kunci, a bar wani ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu. Masu hoto suna kiran wannan hasken Rembrandt, da sunan mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1669, domin da irin wannan hasken yake nuna fuskokin da yake zanawa. Ga dattawa babu kamarsa, yana ba fuska nauyi da kamala.

Sai ka duba ƙwayar idonta. In ka ga hoton ƙofar yana ƙyalli a ciki, ɗan fari ƙarami, to ka samu. Wannan ɗigon shi ne rabin ran da kake nema. In babu shi, ta ɗan ɗaga haɓa ko ka matso da kujerar gaba.

Tazara ma tana da nata aikin. Haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: in ka ninka nisa daga fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa. Don haka in tana kusa da ƙofa, bangon da ke can ciki zai nutse cikin duhu, tarkacen da ke jingine a wurin, buhun gawayi ne ko tsohon keke, duk su ɓace ba tare da ka ɗaga ko ɗaya ba. In ka matsar da ita ciki, ita da bangon za su kusa zama ɗaya, hoton ya yi sanyi, ya lafa.

Hoton da na fi so a duk waɗanda na ɗauka, a irin wannan wuri na same shi, kuma ban shirya shi ba. Gwaggona ce zaune a bakin ƙofar ɗakinta a cikin gari da hantsi, tana tsintar shinkafa a farantin silba. Rana ta bugi farar katangar da ke fuskantar ɗakin ta dawo mata ta gefen hagu, farantin da ke kan cinyarta kuma yana mayar da wani siririn haske ƙarƙashin haɓarta, har zanen kalangun da ke kuncinta ya fito layi-layi. Na kira ta, ta ɗago tana cewa "kai kuma mene ne," na danna. Daga ranar na fahimci amfanin abin mayar da haske, kuma har yau kafin in ciro nawa daga jaka sai na duba ko gidan yana da faranti, ko farin zani a kan igiya, ko farin kwali.

Yadda ake amfani da shi shi ne a riƙe shi a ɓangaren inuwa. Matso da shi kusa, inuwa ta yi laushi, fuska ta yi fara'a da sakewa, irin wanda ya dace da yara da amare. Janye shi, inuwa ta yi zurfi, hoton ya koma na tunani da natsuwa. In kana son ya fi haka nauyi, rataya baƙin yadi a wurin, ya shanye ɗan hasken da bango ke mayarwa. Da taku biyu na yaron da ke riƙe maka kwali za ka sauya yanayin hoton gaba ɗaya. Abu guda kawai za ka kiyaye, kar hasken ƙasa ya fi na sama ƙarfi. Ka tuna yadda muke kafa tocila a ƙarƙashin haɓa muna tsorata ƙanne in an ɗauke wuta.

In kana ganin wannan dabarar marasa kayan aiki ce, nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako ka kalla. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana da yadi a rataye a baya, ga su yau a manyan gidajen adana zane na duniya. Duba yadda fatar mutanensa ke sheƙi, ka kuma duba idanunsu.

A waje, da lokutan shekara

In dole sai a waje, to hantsi kafin ƙarfe 9 ko la'asar sakaliya. Sai dai ka sani namu lokacin gajere ne. Rana a nan kusan a miƙe take faɗuwa, ba ta jan ƙafa kamar a ƙasashen Turai, don haka jan hasken nan mai daɗi bai fi na minti 40 kafin magariba ba, bayan faɗuwarta kuma 'yan mintoci ne duhu ya rufa. Ka isa wurin da wuri, ka gama gaisuwa da gyaran ɗauri kafin lokacin ya yi. A wannan lokacin gwada sa ranar a bayan mutum: gefen mayafi zai kama wuta kamar zare na zinare, kai kuma ka mayar wa fuska haske da farin kwali. Jar ƙasar badala da bangon Gidan Makama suna mayar da haske mai ɗumi wanda ke karɓar fatarmu ƙwarai.

Inuwar darbejiya tana yaudarar masu koyo. Ga sanyi ga daɗin zama, amma rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, ganyen kuma ya zuba mata kore. Inuwar katanga ta fi, ka tsayar da mutum a bakin inuwar yana kallon fili. Rumfar biki mai shuɗi ko jan tamfal ita ma haka take rina fuska, fito da mutum bakinta.

Da hunturu hazo yana yi maka aikin labule kyauta, ranar ma takan karkata kudu, a Disamba ba ta wuce kusan digiri 55 a tsakar rana, don haka ramukan ido suna raguwa. Amma hasken yakan yi fari fat marar armashi, fata kuma ta yi furu-furu, sai an shafa mai a goge da ƙyalle. Kar ka kuskura ka cire idon kyamara a waje a wannan ƙurar. Ni dai damina ce tawa. In hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, rana kuma tana yamma ba ta rufe ba, tsayar da mutum ya fuskanci yamma, baƙin hadarin yana bayansa. Minti biyar ne ko goma kafin iska ta taso, amma abin da za ka samu babu fitilar da za ta ba ka shi.

Da dare

Kowace fitila da launinta, ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Kyandir wajen 1,900 yake, ja sosai. Tsohon ƙwan lantarki mai zafi wajen 2,700. Hasken rana wajen 5,500. Fararen fitilun caji da na sola da suka cika gidajenmu sukan kai 6,500, shi ya sa suke mayar da fuska toka-toka kamar marar lafiya. Ja yana kawo kusanci da ɗumi, shuɗi yana kawo sanyi da kaɗaici, kowanne da wurinsa. Abin da ke ɓata hoto shi ne haɗa su a fuska ɗaya, kunci guda ja guda shuɗi. Zaɓi fitila ɗaya ka kashe sauran. Teburin mai shayi ko wutar mai tsire, in ka nemi izini, makaranta ce mai kyau, don fitila ɗaya ce a gefe, duhu a baya.

Fitilar cajin gidanku ma ta isa. Sa ta a gefe, sama da kai kaɗan, ka rataya farin ɗankwali tsakaninta da fuska da 'yar tazara, ko ka juya ta ta haska farin bango hasken ya dawo. In filashinka mai juya kai ne, harba shi silin ko bango, amma ka duba fentin tukuna, ɗakunanmu da yawa kore ne ko ruwan hoda, kuma launin bangon ne zai sauka a fuska. In ka ga layi-layi masu duhu sun ratsa hoton, wutar ce ke ƙyaftawa, tamu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, sai ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Fitila mai zobe da masu kwalliya ke amfani da ita an yi ta ne don ta kashe inuwa a ga hoda da jagira, in kana da ita ture ta gefe ta zama fitila kamar kowace.

Saitin kyamara ba shi da yawa. A zaure buɗe idon kyamarar sosai, zuwa f/2 ko f/2.8 in naka ya kai, saurin ɗauka kar ya gaza 1/125 na daƙiƙa, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400 zuwa 800, kar ka ji tsoronsa. Saita gani a kan idon da ya fi kusa da kai. Kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone, ka rage hasken har ta bar mayafin. Mai waya kuma ya taɓa fuska a allo ya ja hasken ƙasa kaɗan, ya ja da baya ya yi amfani da 2x, wato jawo hoto kusa ninki biyu, don kar hanci ya kumbura, ya kuma kashe abin gyaran fuskar nan da ke mayar da kowa fari sumul kamar 'yar tsana.

In ka yi wata biyu kana wannan har ka fara ganin haske kafin ka ɗaga kyamara, to sayi faifan mayar da haske mai naɗewa, ba shi da tsada. Bayansa filashi guda da ake sa wa a kan sanda, da farar lema mai baza haskensa. Fitila ɗaya. Wanda bai iya sarrafa ƙofar zaure ba, fitilu uku ruɗa shi za su yi, abokinka ya yi haƙuri.

Inda maganata ta tsaya

Ban ga hotunanka ba, da bayaninka na yi aiki, kuma duk abin da na faɗa na hoto marar motsi ne. Sannan abin da ni nake kira kyau ba kowa ne ke kiransa haka ba. Na taɓa kai wa wata uwar amarya hotunan da nake alfahari da su, rabin fuska a haske rabi a inuwa, ta jujjuya su ta ce, "Malam, wutar ce aka ɗauke muku? Ina rabin fuskar 'yata?" Dole na sake zaɓo mata masu haske ko'ina, kuma tana da gaskiyarta, ita 'yarta take son gani. Mutanenmu da yawa "haska ni" suke cewa. In hoton na mai shi ne, ba shi abin da yake so, in naka ne na koyo, yi yadda ranka ya ba ka.

Haske kuma ba ya sa mutum ya saki jiki. Dattawanmu da sun ga kyamara sai su ƙame, su haɗe rai kamar za a yi musu hoton fasfon Hajji, 'yan mata kuma kunya ta sa su sunkuyar da kai. Wannan da hira ake magance shi. Bar mata carbinta a hannu, ko goronta. Kar ka ce ta yi murmushi. Tambaye ta yadda kasuwar Kurmi take lokacin tana yarinya, ko wa ya yi mata kitson aurenta, ka bar kyamarar a saitin fuskarta kana saurare.

Ranar Juma'a mai zuwa da hantsi, kafin gida ya cika da masu zuwa gaisuwa, sa mata kujera a bakin ƙofa, da wannan farin mayafin dai. Ɗauki uku: ɗaya babu komai a ɓangaren inuwa, ɗaya da farin kwali kusa da kuncinta, ɗaya da baƙin yadi. Kar ka taɓa saitin kyamara a tsakaninsu. Turo min su ukun, ka kuma gaya min wanne ita Hajiyar ta zaɓa.